Masu sharhin besbol a Amurka da gardamar da ba ta ƙarewa a kansu

Ranar 5 ga Oktoba 2021 da daddare ina kan aikin ɗaukar fasinja a mota a Bronx cikin birnin New York na ɗauko wani dattijo da hular ƙungiyar besbol ta Yankees a kansa, yana zama ya ce don Allah in kamo masa tashar WFAN, ƙungiyarsa na wasa da Red Sox a Boston kuma wasan na a mutu ko a yi rai ne, wanda ya sha kashi sai baɗi. Tun a zagayen farko Giancarlo Stanton ya narka wa ƙwallo sanda, sai John Sterling mai sharhin Yankees a rediyo ya ɗauki muryar nan tasa da duk New York ta sani, ta yi sama, ta yi nisa, ta tafi! Wato ƙwallo ta tsallake katanga ta fita daga fili, an ci maki. Dattijon nan ya daki bayan kujerata don murna har na kusa taka birki. Ko minti ba a yi ba sai muka ji Sterling yana tambaya wai me ya yi ba daidai ba, ashe ƙwallon ba ta fita ba, katangar nan ta filin Fenway mai tsayin ƙafa 37 ta daka ta dawo cikin fili, Stanton ga shi can tsaye a tashar farko, wato zango na farko cikin huɗun da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki. Na ɗauka mutumin zai fara zage-zage. Wallahi dariya ya yi har da tari, ya ce “John kenan”, irin yadda za ka faɗa a kan kawunka da ya saba ɓata labari amma ba ka iya zaman hira ba da shi ba. Yankees ɗin ma 6 da 2 aka ci su a daren.

Washegari na ɗauki wani matashi, maganar ta taso, shi kuma har jijiyar wuyansa ke tashi, wai mutumin da ya kamata ya ajiye aiki shekara goma da suka wuce, ina amfanin mai sharhin rediyo da ba ya ganin ƙwallo. Daga wannan rana na fara sa kunne a gardamar nan, kuma abin da na lura shi ne yawancin masu yin ta ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Dattijon abokin hira yake nema, matashin kuma ɗan rahoto yake nema, kuma wasan besbol ɗin ne da kansa ya haddasa wannan rabuwar.

Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa sai mun ɗan yi haƙuri kafin mu gane. A ƙwallon ƙafa minti 90 ne kuma kusan ko da yaushe ƙwallo na yawo, mai sharhi aikinsa ya bi ta, wane ya ba wane, wane ya yanke wane, in ta shiga raga ya fasa ihu, shi kenan ya ci kuɗinsa. Besbol ba haka take ba. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda, in bai daka ba mai cafewa ya mayar wa mai jifa, a sake tsayawa, a gyara hula, a tofa yawu, a kalli juna. Zagaye tara ake yi kuma kowane ɓangare sai an fitar masa da mutum uku kafin a juya. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa zama da agogo a 2013 ta ƙirga, ta samu ainihin motsin wasan bai wuce kamar minti 18 ba a cikin wasan da ke cin wajen awa uku. To sauran awa biyu da rabi da ɗoriya fa wa zai cike su? Mai sharhi. Sannan kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba kusan kullum, ba kamar Firimiya mai wasa 38 ba. Wato mutumin nan muryarsa tana cikin motarka da kicin ɗinka da shagonka wata shida cur, ya fi wasu 'yan uwanka na jini yawan magana da kai. In ka tsane shi ka shiga uku, in kuma jininku ya haɗu to ko me ya yi za ka kare shi.

Rediyo da talabijin kuma aiki biyu ne daban duk da suna ɗaya ake kiran masu yin su. Tun ranar 5 ga Agusta 1921 da tashar KDKA ta Pittsburgh ta fara watsa wasa, mai rediyo shi ne idon mai saurare, in ya ce ƙwallo ta tafi to ta tafi, ba ka da wata hanyar dubawa. Red Barber, wanda ya koyar da da yawa daga cikin na baya, yana ajiye ɗan agogon yashi na dafa ƙwai mai minti uku a gabansa, duk lokacin da yashin ya ƙare sai ya faɗi yadda maki yake ya sake juya shi, saboda ya san akwai wanda yanzu ya kunna rediyo. Ni da nake cikin mota na san darajar wannan, don babu abin da ya fi ban haushi irin ka kunna ka yi minti goma ana ba ka labarin abincin da aka ci a otal jiya ba ka san wa ke gaba ba. A nan kam ina bayan matashin nan, kuskuren Sterling a rediyo ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba sau ɗaya ba ne ba sau biyu ba, ya sha kiran ƙwallo ta tafi a ƙarshe a cafe ta a bakin katanga.

Amma fa rediyon besbol dama can da ɗan wasan kwaikwayo a jininsa. Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a shekarun 1930 yana aiki a tashar WHO a Des Moines yana sharhin wasannin Chicago Cubs ba tare da ya ga filin ba, saƙon waya ake bugo masa a gajarce shi kuma ya yi masa ado da gishiri kamar yana wurin. Ya sha ba da labarin ranar da layin ya yanke ana tsakiyar wasa, bai ce wa mutane komai ba, sai ya sa mai bugu yana ta dukan ƙwallo tana fita gefe, tana fita gefe, har layin ya dawo. Yau in wani ya yi haka kafin ya rufe baki an yanka bidiyonsa an watsa.

A talabijin matsalar juyawa take yi. Kana gani da idonka, har da ɗan akwatin nan da suke zanawa a allo da ke nuna ko jifan ya shiga inda ya kamata, ga maimaici daga kusurwa biyar, to me kake buƙata a wurin mai magana? In ya faɗa maka abin da kake gani ya ɓata maka lokaci. Shi ya sa in ka tambayi Amurkawa wa ya fi kowa, sunan da ya fi fitowa shi ne Vin Scully, ɗan Bronx ɗin nan namu ne ma asalinsa, ya yi wa Dodgers sharhi kaka 67 daga 1950 tun suna Brooklyn har zuwa 2016, ya rasu a Agustan 2022 yana da shekara 94. Abin da aka fi tunawa da shi kuma, abin mamaki, shirunsa ne. A wasan farko na gasar ƙarshe ta cin kofi, wato World Series, ta 1988 Kirk Gibson ya fito da ƙafafu biyu duk ciwo, da kyar yake takawa, ya daki ƙwallon da ta ba Dodgers nasara, Scully ya ce ta tafi sannan ya ja bakinsa ya tsuke sama da minti ɗaya, ya bar ihun mutanen filin ya yi aikin, sai da Gibson ya gama ɗingisa zagayensa sannan ya ce a shekarar da komai ya zo ba zato, yau abin da ba zai yiwu ba ya faru. Ku gwada yin shiru na minti ɗaya da makirfo a gabanku miliyoyin mutane na saurare ku ji yadda yake da nauyi.

Kuma a sharhin da yake yi wa Dodgers shi kaɗai yake zama a ɗakin sharhi, ba abokin musayar magana, da kai mai saurare yake hira. A shekararsa ta ƙarshe akwai ranar da ya kawo labarin Madison Bumgarner mai jifan San Francisco, yadda shi da matarsa suka gamu da maciji ya sassare shi, suka tarar da ɗan zomo da rai a cikinsa, matar ta ɗauka ta yi ta jinyarsa har ya warke. Yana ba da labarin yana saka jifa a tsakiya, wannan ta fita waje, ya koma kan maciji, wannan an daka gefe, ya koma kan zomo, bai rasa jifa ko ɗaya ba kuma labarin ya ƙare kafin zagayen ya ƙare. Wannan ita ce sana'ar a wurina. Labari kowa na da shi, sanin inda za ka yanka shi ka ɗinke ba tare da ƙwallo ta wuce ka ba shi ne ba kowa ba.

To Sterling fa, me ya sa dattijona ke dariya maimakon fushi? Sai da na daɗe ina jinsa sannan na gane abin da yake yi, kuma Bahaushe ya fi Ba'amurke saurin ganewa, kirari ne. Duk ɗan wasan Yankees da ya fitar da ƙwallo waje yana da nasa taken da Sterling ya ƙirƙira masa, Aaron Judge da yake sunansa na nufin alƙali sai ya ce kowa ya miƙe ga alƙali nan tafe, in an sayo sabon ɗan wasa mutane har zaman jira suke su ji wane take za a ba shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san ba a zuwa wurin maroƙi neman sahihin rahoto, ana zuwa ne don tsikar jiki ta tashi. Ga kuma juriya, mutumin ya fara a 1989 ya yi wasa 5,060 a jere bai yi fashin ko ɗaya ba sai a Yulin 2019. A 2023 ƙwallo ta shigo ɗakin sharhi ta same shi a goshi yana kan magana, aka ji shi yana wayyo wayyo a iska, ya ci gaba da aikinsa har aka tashi. Wanda ya girma da wannan muryar tun yana zaune a bayan motar babansa ba za ka zo masa da lissafin kurakurai ya saurare ka ba.

Sai dai akwai wani abu da masu gardamar ba su cika kawowa ba kuma a ganina nan gizo ke saƙa, wato wa ke biyan mai sharhin. A Ingila mai sharhin Firimiya ma'aikacin tasha ne, yau Arsenal gobe Everton. A besbol kowace ƙungiya cikin 30 ɗin tana da nata masu sharhi na gida, ko dai ita ke biyansu kai tsaye ko kuma sai da amincewarta ake ɗaukarsu, jirgi ɗaya suke shiga da 'yan wasa, otal ɗaya suke sauka. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Wasu ma ba sa ɓoyewa, Hawk Harrelson na Chicago White Sox, kafin ya ajiye aiki a 2018, ƙungiyarsa “mutanen kirki” yake kiranta a iska, in alƙalin wasa ya yi musu ba daidai ba ya hau shi da faɗa, in ana cin su kuma ya yi gum kamar an yi masa rasuwa. Magoya bayan White Sox da yawa suna sonsa kamar me, sauran ƙasar kuma suna cire sauti.

Ni son kai irin na Harrelson bai dame ni ba tunda a fili yake yi, ka san da wa kake. Abin da ya faru a Baltimore a 2023 shi ne ya nuna inda haɗarin yake. Kevin Brown, matashin mai sharhin Orioles a talabijin, kafin wani wasa da Tampa Bay ya faɗi cewa Orioles sun daɗe suna shan wuya a filin Tampa amma bana sun ci wasanni a can fiye da shekaru biyun baya in an haɗa. Yabo ne fa in ka duba, kuma alƙaluman a rubuce suke a allo. Sai aka daina ganinsa a talabijin, rahotanni suka fito cewa masu ƙungiyar ne suka dakatar da shi don ya tuna wa mutane shekarun wahala. Masu sharhin wasu ƙungiyoyi suka yi ca a iska, Gary Cohen na Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, ya ce Orioles sun kunyata kansu kuma sauran ƙungiyoyi 29 duk za su so su samu irinsa, 'yan kallo a filin Baltimore suka dinga rera a saki Kevin Brown, ranar 11 ga Agusta ya dawo. Shi ya dawo don an yi surutu, amma duk wani ƙaramin mai sharhi a ƙasar ya ga abin da ya faru kuma ya ɗauki darasi. Saboda haka in ka ji mai sharhi yana ta lallaɓa ɗan wasan da kowa ke gani ya lalace, kafin ka ce bai san wasa ba ka tuna wa ke sa hannu a takardar albashinsa.

A nan ne 'yan Mets suka yi sa'a, duk da ba na son yabon makwabta. Cohen da Keith Hernandez da Ron Darling suna tare a tashar SNY tun 2006, biyun ƙarshe tsofaffin 'yan wasan da suka ci kofi da ƙungiyar a 1986, kuma in Mets sun yi shirme za su ce shirme ne, Hernandez har nishin takaici yake yi a makirfo. In wasa ya lalace an ba da tazara mai yawa sai su koma hirar duniya, ka zauna kana kallon wasan da ba shi da sauran amfani saboda su kawai. Kusan duk lokacin da aka tambayi masu kallo suna cikin na sama.

Masu sharhin ƙasa baki ɗaya kuma nasu ciwon daban ne. Wata shida kana jin mutumin gidanku da ya san sunan kowa har da mai share fili, ana shiga wasannin ƙarshe a Oktoba, lokacin da abin ya fi zafi, sai a ɗauke shi daga talabijin a kawo maka baƙo da ke yabon ɓangare biyu. Dole ka ji kamar yana gaba da kai. Joe Buck ya yi shekaru yana sharhin gasar ƙarshe a tashar talabijin ta Fox daga 1996 zuwa 2021 kuma kowane gari sun rantse ya tsane su, har ya gaji ya rubuta a shafinsa na Twitter cewa yana son kowace ƙungiya in ban da taka. Wannan zargin ban ɗauke shi da nauyi ba. Wanda na ɗauka da nauyi shi ne wanda ake yi wa John Smoltz, tsohon gwanin jifa na Atlanta da ke fashin baƙi a Fox, cewa yana magana kamar wasan yanzu bai yi masa ba. In ana maganar abin da ke cikin kan mai jifa, me zai jefo bayan wannan kuma don me, da wuya ka samu wanda ya fi shi, amma sau da yawa sai ya koma a zamaninmu ba haka ake yi ba, yaran yanzu kowa so yake ya fitar da ƙwallo waje. Mutum ya kunna wasa mafi girma a shekara kuma wanda aka ɗauka ya tallata masa shi yana ƙorafi.

Wannan ya haɗu da rigimar lissafi. Tun 2015 aka sa na'urori a duk filayen da ke auna gudun ƙwallo daga sanda da kusurwar da ta tashi da yawan juyawarta a iska, ƙungiyoyi da waɗannan alƙaluman suke sayen 'yan wasa suke tsara komai. Tsofaffin 'yan wasa da yawa da ke sharhi suna musu kallon raini, matasan masu kallo kuma suna ganin wanda bai san su ba yana bayanin wasan da aka daina bugawa ne. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa, akwai masu zubo maka lambobi kamar ana karanta sakamakon jarrabawa, ƙwallo ta fita da gudun mil 108 a awa, to sai me? In ba ka faɗa min abin da lambar ke nufi ga wannan mutumin da ke tsaye da sanda yanzu ba, ka ƙara min surutu ne kawai.

Wani abin da ya canza aikin kuma ba a cika lura ba shi ne agogon jifa da aka kawo a 2023, daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha, da ɗan ƙari in akwai. Tsawon wasa ya sauko daga awa uku da 'yan mintuna zuwa wajen awa biyu da minti 40. Ga mu masu tashi da asuba alheri ne, amma wurin da ake saka labarin maciji da zomo shi ne aka yanke. Ɗan abin da ya rage kuma talla ta cinye, a rediyo kusan komai yana da mai ɗaukar nauyi, canjin mai jifa wani kamfani ne ya kawo muku, jifa ta kaza wani kamfanin inshora, kuma tun da kotun ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018 sai ga kamfanonin caca su ma sun shigo har cikin bakin masu sharhi. In mutane sun ce na yanzu ba su kai na da ba, wani ɓangare kewar ƙuruciya ce kawai, amma wani ɓangaren gaskiya ne kuma ba laifin masu sharhin ba ne, filin da Scully ya yi noma a ciki an yanka shi fuloti an sayar.

Duk da haka masu iyawa suna nan. Ranar 25 ga Oktoba 2024, wasan farko na gasar ƙarshe, Dodgers da Yankees, Freddie Freeman da ciwo a idon sawu ya daki ƙwallon da ta gama wasan, Joe Davis wanda ya gaji kujerar Scully a Dodgers kuma ya gaji Buck a Fox ya yi amfani da kalmar da Scully ya faɗa a 1988, ya haɗa Gibson da Freddie a jimla ɗaya, sannan ya yi shiru. Ina cikin masu jin haushi a daren amma na san an yi aiki.

Sterling ya ajiye aiki a Afrilun 2024, ya dawo ya yi wasannin ƙarshe na shekarar, a 2025 aka kawo Dave Sims daga Seattle ya zauna kusa da Suzyn Waldman wadda take wurin tun 2005. Sims yana ganin ƙwallo, in ya ce ta tafi to ta tafi, kuma yana faɗin maki a kan kari, ni dai a mota ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba. Amma kwanaki na ɗauki wata mata daga bakin filin Yankees a titi na 161 bayan an tashi, rediyo na kunne ana maimaita inda Judge ya fitar da ƙwallo, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce daidai ne, komai daidai ne, amma ba wanda ya ce mata ta miƙe.